Elden Ring: wace irin wahala masu sharhi suke yabo?

Ranar 23 ga Fabrairu 2022, saura kwana biyu Elden Ring ya shiga kasuwa, manyan gidajen sharhin wasannin bidiyo suka saki hukuncinsu kusan a tare. Da shafin intanet na Metacritic ya tattara makin, sai aka ga 96 cikin 100 a kan PlayStation 5. Kafin a yi mako uku an sayar da kwafi miliyan 12, a Disamba kuma aka ba shi kambun wasan shekara a bikin The Game Awards. Duk wannan ya cancanta, ba na jayayya a kai. Abin da nake jayayya da shi shi ne yadda aka rubuta sharhin, da yadda har yau masu sha'awar irin wannan wasa suke magana a kansa.

Da yawa daga cikin masu sharhin kimanin mako guda aka ba su da wasan kafin ranar fitar da rubutu. Wasa ne da wanda ya miƙe hanya ba ya waiwaye kan ci awa 50 zuwa 60 a cikinsa, mai leƙa kowane kogo kuwa ya haura 100. Mako guda gaba ɗayansa awa 168 ne, har da barci da cin abinci da rubutun kansa. Don haka wasu sun faɗi gaskiya cewa ba su kai ƙarshe ba, wasu suka kai a guje. Sakamakon shi ne yawancin abin da aka rubuta ya tsaya a kan yankunan Limgrave da Liurnia da Leyndell, wato inda wasan ya fi kyau, aka taƙaita magana a kan kashi na ƙarshe, inda aibinsa ya fi fitowa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma miyar Elden Ring tana fara ƙarewa ne daga yankin Mountaintops of the Giants zuwa gaba.

Kalma ɗaya ce ta mamaye duk maganar: wahala. Masu yabo suna cewa wahalar ce daɗin wasan. Masu suka suna cewa kamfanin FromSoftware na Tokiyo, wanda ya ƙera wasan, da daraktansa Hidetaka Miyazaki sun ƙi saka matakin sauƙi ne don girman kai. Wannan gardama ta girmi Elden Ring. An yi ta a kan wasannin kamfanin na baya: Dark Souls a 2011, aka sake ta da zafi a kan Sekiro a 2019. A ganina ɓangarorin biyu sun zuba abubuwa daban-daban a buhu ɗaya sun ɗaure baki. Akwai wahalar da take koya wa ɗan wasa wani abu. Akwai wadda ke zuwa saboda wasan ya ɓoye bayanin da ya kamata ya faɗa. Akwai kuma wadda aibi ce tsantsa, ta na'ura ko ta gini. Aikin mai sharhi shi ne ya rarrabe su, ya ce wa mai karatu wannan ka jure, wannan ga maganinta, wannan kuwa laifin kamfani ne. Sharhin da bai yi haka ba, ko ya ba da 10 ko ya ba da 4, bai taimaki wanda zai cire kuɗinsa ba.

A fara da ta farko, domin ita ce ta cancanci yabon. Da ka fito daga kogon farko ka buɗe ƙofa, ga filin Limgrave shimfiɗe, ga wani jarumi cikin sulken zinariya a kan doki yana kai-komo a kan hanyar da za ka bi zuwa Church of Elleh. Sunansa Tree Sentinel. Sabon ɗan wasa yakan ɗauka duk abin da aka sa a gabansa an sa shi ne don ya kashe yanzu, sai ya tunkare shi, a doke shi sau biyu ko uku ya mutu. An ajiye wannan mahayi a nan da gangan, don ya koyar da darasi ɗaya kafin a yi minti goma: za ka iya kewayewa. Ka durƙusa cikin ciyawa, ka bi ta gefe, ka dawo masa bayan awa goma da doki da makami mai kaifi.

Margit, babban maƙiyin (bos) da ke tsare ƙofar fadar Stormveil, shi ne jarrabawar wannan darasi. Ka tsaya ka kalli yadda yake faɗa. Yakan ɗaga sandarsa sama ya riƙe ta, ya riƙe, har sai hannunka ya ƙagu ka yi birgima, sannan ya sauke ta daidai lokacin da kake miƙewa. Birgimar wasan tana ba ka kariya ne na ƙasa da rabin sakan, lokacin da duka ba ya taɓa ka. Wanda ya danna don tsoro ya ɓarnatar da wannan ɗan lokaci a kan iska. Margit yana koya maka ka daina kallon ɗaga hannu, ka kalli saukarsa. Idan ka ja baya ka ɗaga gorar magani a gabansa, sau da yawa sai ya jefo maka wuƙar haske, domin an gina shi ya amsa wannan motsi. Ma'ana ba nisa ne ke ba ka damar sha ba, ƙarshen jerin dukansa ne. Idan jininsa ya ragu sai ya fito da guduma, ya yi tsalle da ita, kuma saukar wannan tsalle tana daga cikin manyan damarka ta rama. Duk mutuwar da ka yi a nan, in ka lura, za ka iya faɗin dalilinta. Wannan ita ce alamar wahala mai kyau: ka san kuskurenka, kuma gyaransa yana hannunka. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma a nan gudun yana da ma'ana.

Amma yawancin waɗanda suka ajiye wasan a ƙofar Margit ba rashin saurin hannu ne ya kore su ba. Sun iso ne da wuri, da jini kaɗan da makami danye, saboda hasken da ke fitowa daga wuraren hutawa, waɗanda ake kira Site of Grace, yana nuna musu Stormveil kai tsaye. Wasan bai gaya musu cewa kudu ya kamata su fara nufa ba. A nan ne wahala ta biyu take, kuma a nan ne na fi ganin gazawar masu sharhi, domin wannan bayani ne da sakin layi uku za su ɗauke.

Ga abin da ya kamata a gaya wa sabon shiga. Halayen da ake ƙara wa maki guda takwas ne, kuma mafi muhimmanci a farko shi ne Vigor, wato yawan jini. A maki 10 jininka 414 ne. A maki 40 ya kai 1450, a 60 ya kai 1900, daga nan ƙarin ba ya biyan kuɗinsa, domin ko ka kai 99 a 2100 zai tsaya. Sabon ɗan wasa yakan zuba komai a Strength (ƙarfi) ko Dexterity (ƙwarewar hannu) yana tsammanin dukansa zai ƙara nauyi. A farkon wasa ba haka lissafin yake ba. Ƙarfin da makami ke samu daga halayenka yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda aka wasa makamin, don haka maki biyar a Strength kan takobin da ba a kai wa maƙeri ba kusan asara ne. Ka ba makami iya abin da yake buƙata don ka riƙe shi, sauran ka zuba a jini. Kuma riƙe makami da hannu biyu yana lissafa Strength ɗinka sau ɗaya da rabi, don haka mai maki 12 zai iya ɗaukar abin da ke neman 18.

Wasa makami yana da lissafinsa. Makami na gama-gari yana hawa har +25. Kowane aji na Smithing Stone, dutsen wasa makami, yana ɗaukar matakai uku: dutse 2, sai 4, sai 6, jimla 12 kafin ka koma aji na gaba. Teburin da ke Church of Elleh a +3 yake tsayawa. Daga nan sai wurin maƙeri Hewg a Roundtable Hold, sansanin da ɗan wasa ke komawa. Duwatsun farko suna cikin ramukan haƙar ma'adinai irin Limgrave Tunnels, waɗanda bakinsu ke bayyana a taswira kamar ɗan baƙin rami mai jan gefe. Makamai na musamman kuwa da Somber Smithing Stone ake wasa su, dutse ɗaya kowane mataki, har +10, shi ya sa suke saurin yin ƙarfi. Bloodhound's Fang, wanda ake samu a hannun Darriwil a kudancin Limgrave, yana neman Strength 18 da Dexterity 17, kuma yana iya kai mutum har ƙarshen wasa.

Sai gorar magani. Da guda huɗu ake farawa, ana iya kai su 14 da Golden Seed, ƙarfin kowane kurɓi kuma yana hawa har +12 da Sacred Tear. Tsibirin Weeping Peninsula da ke kudu, wanda maƙiyansa suka fi sauƙi, yana da Sacred Tear uku a cikin rusassun majami'unsa, akwai kuma wani a Third Church of Marika a gabashin Limgrave. Mutumin da ya zaga ya kwashi waɗannan huɗun kafin ya fuskanci Margit, wani wasa daban yake yi da wanda ya miƙe daga ƙofa. Nauyin kaya ma haka: ƙasa da kashi 30 cikin 100 birgima mai sauƙi, tsakanin 30 da 70 matsakaiciya, da ka haura 70 sai ka riƙa faɗuwa kamar buhun gero kana jinkirin tashi. Da yawa suna lafta sulke don tsoron duka, su tsallake 70 ba su sani ba, su rasa abin da ya fi sulken amfani.

Akwai kuma taimakon da aka ajiye musamman don wannan bos. Ɗan kasuwa Patches, wanda ake samu a Murkwater Cave, yana sayar da wata sarƙa, Margit's Shackle, a kan rune 5000 (rune ne kuɗin wasan). Tana danne Margit a ƙasa har sau biyu a rabin farko na faɗan. A bakin ƙofarsa akwai alamar kiran matsafi Rogier. Idan ka koma Church of Elleh da dare bayan ka samu dokinka Torrent, wata mata za ta ba ka ƙararrawar kiran kurwa, wato ruhin da ke taya ka faɗa, tare da kyarkeci uku, wata mai suna Roderika kuma a bukkar Stormhill tana ba da wata kurwar da ke janye hankalin maƙiyi tana sa masa guba. Kai, ana iya kewaye Stormveil gaba ɗaya ta wata siririyar hanya kusa da karyayyar gada, a faɗa Liurnia ba tare da an taɓa Margit ba.

To ka ga matakin sauƙin da ake ta nema yana nan. An tarwatsa shi ne a cikin ƙasar maimakon a sa shi a jerin zaɓi na farkon wasa. Ina goyon bayan wannan tsari, kuma dalilina na aiki ne. Idan sauƙi maɓalli ne da ake dannawa, mutumin da ya maƙale zai danna ya wuce. Idan sauƙi yana cikin wani kogo a kudu, sai ya hau doki ya tafi, a hanya ya ga abin da bai nema ba, kuma wannan yawon shi ne wasan. Square Enix ta bi wata hanyar a Final Fantasy XVI na 2023, inda ta ba ɗan wasa zobba tun farko, wani yana kauce masa duka da kansa, wani yana haɗa masa jerin sara da maɓalli ɗaya. Wannan ya dace da wasan da labari ne ke jan sa, ana so kowa ya ga ƙarshen labarin. Elden Ring ƙasa ce ke jan sa. Ba daidai ba ne a auna su da mudu ɗaya.

Sai dai goyon bayan tsarin bai hana a faɗi inda ya gaza ba. Matar da ke ba da ƙararrawa da dare kawai take fitowa, kuma mutum yana iya wucewa bai taɓa komawa wurin ba. Sai dai daga baya ya tarar ana sayar da ita a Roundtable Hold, in ya duba. Babu kundin da ke tuna maka wanda ka yi wa alkawari ko inda ya ce zai tafi. Kamfanin da kansa ya amsa wani ɓangare na wannan, domin a gyaran wasan mai lamba 1.03 na Maris 2022 ya ƙara alamun mutane a taswira. Idan abu yana buƙatar ka buɗe YouTube kafin ka san yana nan, bai kamata mai sharhi ya kira shi zurfi ba tare da ya ƙara da cewa an ɓoye shi fiye da kima ba.

A nan ina da magana da 'yan'uwana masu wasan. An wayi gari wasu suna raina duk wanda ya kira kurwa, musamman Mimic Tear da ake samu a Nokron, wadda ke kwaikwayon kayanka da makaminka ta yi faɗa a gefenka. Suna cewa wanda ya ci bos da ita bai ci ba. Wannan magana ba ta da tushe a cikin wasan. An gina tsari cikakke na ƙarfafa kurwa har +10, da furanninsa da mai yin aikin, Roderika. Bosawan ƙarshe kuma, da jerin dukansu mai tsawo da ƙarancin sarari tsakanin wani da wani, suna nuna alamar an gina su da sanin cewa da yawa za su shigo da mataimaki. Mai sharhin da ya ƙi kiran kurwa don kare martabarsa, sannan ya rubuta cewa bos kaza ya wuce hankali, ya auna wasan da ya ƙirƙira wa kansa ne. Wanda kuma ya shiga da Mimic Tear da makami mai zubar da jini ya gama cikin minti ɗaya, ya rubuta cewa babu wata wahala, shi ma bai faɗi duka ba. Kowane sharhi ya kamata ya buɗe da bayanin yadda aka yi wasan: awa nawa, a kan wace na'ura, da wane makami, a wane mataki, da kurwa ko babu, kuma a wane gyara. Na ƙarshen nan ba ƙaramin abu ba ne. Gyaran 1.03 ya rage ƙarfin Mimic Tear, ya kuma raunana wani bos, Radahn, fiye da yadda aka nufa, har sai da aka dawo masa da wani ƙarfin a wani gyara daga baya. Mutum biyu da suka yi faɗa da Radahn, ɗaya a Fabrairu ɗaya a ƙarshen Maris, ba abu ɗaya suka gani ba, amma za ka same su suna musu kamar sun gani.

Yanzu wahala ta uku, wadda ba ta da uzuri. Kyamara ita ce kan gaba. Idan ka kulle kyamara a kan ƙaton maƙiyi kamar Fire Giant ko dodannin da ke tashi sama, abin da ke cika allon shi ne ƙafa ko ciki, dukan kuma daga inda ba ka gani yake zuwa. Ulcerated Tree Spirit, wani abu mai kama da maciji da saiwa, ana yawan sa shi a ɗaki matsattse. Yana murɗawa, kyamara ta shige bango, ka mutu ba ka san me ya taɓa ka ba. Dabarar da ƙwararru ke bi ita ce su cire kullin su riƙa juya kyamara da hannu, amma dabarar kauce wa aibi ba ta mayar da shi ado. Sannan birgima da gudu maɓalli ɗaya suke amfani da shi, don haka birgimar ba ta fita sai ka saki maɓallin, ba lokacin da ka danna ba. Wasan kuma yana ajiye dannawar da ka yi ya aiwatar da ita daga baya, ta yadda birgimar da ka nema kafin a doke ka takan fito bayan ka miƙe, ta jefa ka cikin duka na biyu.

Maimaici ma aibi ne da sharhin farko bai cika ambata ba, don ba a kai inda yake damun mutum ba. Erdtree Avatar na farko abin tsoro ne; na biyar aiki ne kawai. Godskin Duo a Crumbling Farum Azula maƙiya biyu ne da aka gina kowanne don faɗan mutum ɗaya, aka haɗa su a ɗaki ɗaya da jini na tarayya, wanda ka kashe ya sake tashi. Maganinsu tukunyar barci ce, kuma tana aiki sosai, sai dai wannan ya nuna faɗan bai tsaya da ƙafarsa ba. Elden Beast, bos na ƙarshe, yana nutsewa ya ɓullo can nesa, ka yi ta bin sa da ƙafa a fili mai faɗi. Sai a Yuni 2024, bayan fiye da shekara biyu, aka yarda a hau Torrent a wannan faɗa. Wanda ya koka a 2022 an ce masa ya ƙara ƙwarewa. Kamfanin kuwa daga baya ya nuna kukan yana kan hanya.

Bos Malenia ta fi wuyar yanke wa hukunci, kuma ina ganin nan ne ake gane mai sharhi na gaske. Ba dole ba ce, tana can ƙasan bishiyar Haligtree, sai wanda ya nema. Duk saran da ta yi maka yana mayar mata da jini, ko da ka tare da garkuwa, don haka mai fakewa a bayan garkuwa ciyar da ita yake yi. Wannan doka ce mai tsauri amma a bayyane take, kuma tana da rauni a fili: ba ta jure duka, zubar jini da sanyi suna cin ta. Matsalar tana ga motsi guda, Waterfowl Dance, inda take tashi sama ta sauko da guguwar sara kashi uku. Idan kana nesa, ka juya ka gudu daga na farko, ka yi birgima cikin na biyu, ka bar na uku ya wuce ka. Idan kana dab da ita lokacin da ta tashi, hanyar tsira ba abu ba ne da ido zai gano daga kallon motsin. Yawanci sai an ga wani ya yi. Faɗan gaba ɗayansa yana daga cikin mafi kyau da FromSoftware ta gina, wannan motsi guda kuma ya karya ƙa'idar da Margit ya koyar, cewa kallo ya isa. Dukan maganganun biyu gaskiya ne, kuma sharhi yana da filin ɗaukar su tare.

Abin da ya faru da Shadow of the Erdtree, ƙarin da aka yi wa wasan, ya maimaita labarin a taƙaice. Ya fito ranar 21 ga Yuni 2024, aka sayar da miliyan 5 cikin kwana uku, masu sharhi suka yaba, amma a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta, ra'ayin masu saye ya faɗo zuwa gauraye, saboda wahala da sarƙewar hoto. Ba a shiga sai an kashe bosawa Radahn da Mohg, don haka duk wanda ya shiga tsohon hannu ne, ya zo da tunanin matakinsa zai kare shi. A ƙasar inuwa, inda ƙarin yake gudana, kuwa wani ma'auni ne ke aiki: Scadutree Fragment, guda 50 a warwatse, da ke ɗaga albarkarka har mataki 20, tana ƙara dukanka tana rage wanda ake yi maka. Wanda ya ruga wurin bosawa Rellana ko Messmer da albarka biyu ko uku, kuskuren ƙofar Margit ya sake yi. Wannan wahala ta biyu ce. Amma cikin mako guda kamfanin ya ƙara ƙarfin matakan farko na albarkar, a Satumba kuma gyaran 1.14 ya sassauta bos na ƙarshe. Wato a cikin kukan akwai ta uku ma.

Akwai abubuwan da mai karatu a Kano ko Maradi yake buƙata waɗanda sharhin Amurka da Ingila ba zai dame kansa da su ba. A PlayStation 4 wasan yana tafiya a hoto 30 cikin sakan, kuma jiran lodi bayan kowace mutuwa ya fi tsawo, abin da ke da nauyi a wasan da za ka mutu sau ɗaruruwa. A kwamfuta an kulle shi a 60, yana neman aƙalla RAM 12GB da katin hoto irin GTX 1060 da sarari 60GB, kuma ya fito da tsinkewar hoto ko a manyan na'urori. Ana iya yin sa gaba ɗaya babu intanet. Abin da za ka rasa shi ne saƙonnin da wasu ke bari a ƙasa da kiran abokin taimako, wanda a PlayStation sai da rajistar PlayStation Plus. Yana adana ci gabanka da kansa a kai a kai, don haka ɗauke wuta ba ya mayar da kai nesa, amma yankewar wuta daidai lokacin da yake rubutawa na iya lalata ajiyar. Mai PlayStation 4 ya riƙa kwafe ajiyarsa a filash. Wasannin PlayStation 5 ba su yarda da haka ba, sai ta ajiyar intanet. Muryoyin da Turanci ne kawai, kuma tsohon Turanci mai nauyi, rubutun dai akwai na Faransanci. Labarinsa cike yake da alloli da 'ya'yan alloli da tsafi da jini, an kuma ƙayyade shi ga 'yan shekara 16 zuwa sama a Turai, 17 a Amurka. Uban da zai saya wa ɗansa yana da haƙƙin a gaya masa wannan.

Sai rashin maɓallin dakatarwa, wanda na kasa samun mai kare shi da hujja. Ana cewa saboda haɗuwa da wasu ta intanet ne, amma ko ka kashe intanet bai dakata. An kira sallah, ko an yi sallama a ƙofa, ko yaro ya yi kuka kana tsakiyar faɗa da Malenia, zaɓinka ka bar ta ta kashe ka ko ka fita daga wasan ka faro faɗan daga farko. Sekiro, na kamfani ɗaya da darakta ɗaya, yana dakatawa, kuma ba wanda ya ce ya yi sauƙi. Abin da ya fi nuna cewa babu dalilin fasaha shi ne dakatarwar tana nan a ɓoye: ka buɗe jakar kayanka, ka danna taimako, ka zaɓi Menu Explanation, duniyar wasan za ta tsaya cak har ka dawo.